Waldar da Ta Kwantar da Honda 175 ta Malam: Yadda Muka Gyara Ƙafafunta da Giyarta a Argungu

Ranar da muka fito da babur ɗin daga ɗakin ajiya na gidanmu a Argungu, mu uku muka tura shi, duk da haka sai da muka ɗaga bayansa kafin ya tsallake dokin ƙofa. Ya fi shekara goma a jingine bayan buhunan dusa. Tayar baya ba ta juyawa sai da ƙyar, in ta juya kuma sai ta riƙa karkata dama da hagu. Inna ta fito ta tsaya daga bakin turaka tana kallonsa, ba ta ce komai ba, sai hannu da ta kai ta share ƙurar tankin da gefen zanenta.

Honda CD175 ne, irin wanda kamfanin ya yi daga 1967 zuwa 1979: silinda biyu, kabireta ɗaya, giya huɗu, wutar lantarki mai volt 6, birkin ganga gaba da baya, sarƙa kuma a rufe ruf cikin gidanta na ƙarfe. Mahaifinmu, wanda duk gari ke kira Malam, ya saye shi a 1975, shekarar da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, hedikwata a Sakkwato. Malamin gona ne. Da wannan babur ya zaga fadamun Augie da Gulma da Lailaba yana duba shinkafa. Bayan rasuwarsa sai ya koma hannun ƙanensa, Baffa, wanda ya yi dakon shanshera da shi, ya ɗan taɓa kabu-kabu, har ranar da ya gaji ya jingine shi.

Abin da kowa a gidan ya sani shi ne injin ya mutu. Na zaunar da Baffa na ce ya faɗa mini yadda ciwon ya fara. Ya ce da fari injin ne ya riƙa ihu babu gudu, ka murɗa har ƙarshe amma mai keke ya kusa jerawa da kai. Daga nan baƙin mai ya fara ƙarewa da wuri, kullum sai an ƙara. Sai sarƙa ta soma fita. Sai giya ta biyu ta riƙa tsalle tana komawa firi da zarar an ɗora mata nauyi. A ƙarshe bayan babur ɗin ya riƙa rawa a kan kwalta, har wata rana ya kusa zubar da shi a hanyar Birnin Kebbi. Na rubuta su yadda ya jero su, kuma daga baya wannan jerin ya yi mana amfani fiye da kowane ƙarfen aiki, domin ashe a jeren ne labarin yake.

Bakaniken farko da na kira, yaro ne mai hannu, ban raina shi ba. Shawararsa ita ce a cire ƙafafun biyu a sa na baburan yanzu, a sauke injin a ɗora sabo, cikin kwana uku in hau. Ta fuskar kuɗi gaskiya ya faɗa. Amma ko a aikace ba haka abin yake da sauƙi ba: kaurin sandar da ke ratsa hob, wato cibiyar ƙafar, daban, faɗin hob daban, inda farantin birki ke kamawa daban, layin da sarƙa ke bi ma daban. Sai an yanka an yi walda a jikin firem kafin su zauna. Sannan in aka yi haka, me ya rage na Malam? Tanki da lamba. Ba abin da na fito da shi domin sa ke nan ba.

Baffa ne ya kai ni wajen wani dattijo da ya koyi kanikanci a Sakkwato tun lokacin da irin waɗannan babura ke cika titi. Yanzu ba ya zama gareji, yaransa ne ke riƙe da shi. Ya zo gidan da hantsi da 'yar jakar sifanoninsa. Ya cire fulogi biyu, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya bari ya jiƙa, sannan ya toshe ramin fulogi da babban yatsa ya ce in taka kik a hankali. Iska ta ture yatsan, haka ma ɗaya ɓangaren. Ya wanke kabireta, ya goge kwantak, aka aro batir, aka zuba sabon baƙin mai. Kafin azahar injin da aka yi shekara goma ana yi wa ta'aziyya ya tashi, yana hayaƙi kaɗan ta salansar hagu.

Bai bar shi ya daɗe yana aiki ba. Ya kashe, ya tsuguna, ya kwance murfin hagu na inji, inda ƙaramin sifaket yake, wato ƙaramin farantin nan mai haƙora da ke jan sarƙa. Ya kankare dasƙararren giris da yashi da bakin sukuddireba, ya daɗe yana kallo.

"Zo ka gani, ɗan Malam," ya ce. "Ga inda anka kashe shi. Inji lahiya lau shi ke."

Na duƙa. An yi wa sifaket ɗin walda a jikin shaf ɗin giya, wato sandar da giyoyi ke jere a kanta, zagaye guda, baƙa ƙirin, kamar an ɗame tuwo a bakin tukunya.

A ƙa'ida sifaket ɗin yana zama ne a kan tsaga-tsagar da ke bakin shaf, wani ɗan faranti da kusoshi biyu su riƙe shi. Baffa ya tuna ranar. Yana dawowa daga Kangiwa da buhu biyu, kusoshin suka ɓalle, sifaket ya yi ta wasa har ya cinye tsagar shaf, babur ya tsaya injin na kuka taya ba ta motsi. Magariba ta gabato. A ƙauyen da ya tura shi babu sifaket irin nasa, sai na wani ƙaramin babur, aka zura shi aka kama da walda, ya iso gida. Ban ga laifin Baffa ba, ban kuma ga na mai waldar ba, ya fitar da mutum daga daji. Kuskuren shi ne gyaran dare ɗaya ya zama gyaran shekaru.

Daga wannan walda duk jerin Baffa ya fito, ɗaya na haifar ɗaya. Dattijon ya ƙirga haƙoran ƙaramin sifaket, 14. Na baya 43. A cikin adakar Malam, tare da tsofaffin takardun babur, mun sami wani tsohon sifaket da ya taɓa cirewa ya ɗaure da tsumma, haƙoransa 17. Lissafin ba wuya: 43 a raba da 17 ya ba da kusan 2.5, 43 a raba da 14 kuwa ya haura 3. Ma'ana, tafiyar da injin ya kamata ya yi da juyi biyar, sai ya yi shida kafin ya cim mata. Ihun da babu gudu ke nan. Zafin walda kuma ya ƙone robar da ke tare mai a bayan sifaket, mai ya riƙa tsiyaya a hankali. Irin wannan babur mai ɗaya ne ke shayar da inji da kuloci da giya, saboda haka duk ranar da ya yi ƙasa, giyar ma a bushe take aiki. Man da ke tsiyaya yana sauka kan sarƙa. Da sarƙa ta saki ta fara bugun gidanta, sai aka cire rabin gidan na ƙasa aka yar. To mai da yashin Argungu in suka haɗu a kan sarƙa, dutsen wasa ne, yana cin ta yana cin haƙora. Ga shi ba a kama sifaket ɗin a tsakiya daidai ba, don haka kowane juyi sarƙar ta yi tauri ta saki, ta yi tauri ta saki. Wannan fizga ita ta cinye robobin da ke cikin hob na baya, da suka ƙare sai ta koma kan wayoyin wili, sifok, ta sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Rawar da ta kusa zubar da Baffa ke nan.

Muka sa giranda muka ci waldar a hankali. Da sifaket ya fita sai ga bakin shaf sumul, babu tsaga ko ɗaya da za a dogara da ita. Wani ya ba da shawarar a cike da walda a kai wa mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya sake fitar da tsagar. Dattijon ya ƙi. Ya ce ƙarfen an dafa shi ne tun daga kamfani ya yi tauri a fata, wuta ta riga ta ɓata dahuwar sau ɗaya, in aka ƙara ta biyu watarana zai karye, kuma ba a zaune zai karye ba, a kan gudu ne. Dole a nemo wani shaf ɗin.

Neman nan ya ci wata uku. Na je Sakkwato sau biyu, na aika hotuna Kano ta WhatsApp, shiru. A Jega aka dace, kuma ba a shagon kayan babur ba, a wajen masu sayen gwangwan. Wani yaron garejin dattijon ne ya hango gindin inji irin namu cikin tarin ƙarafa, babu kai babu silinda, ana shirin ɗora shi a sikeli. Da kuɗin kilo da ɗan ƙari muka karɓo shi. Abin yana damuna har yanzu. Irin waɗannan injuna suna nan a zauruka da kangaye daga Yawuri har Kamba, kullum ana auna su ana lodawa a tirela zuwa narkarwa, kuma kowane ɗaya ya tafi, ya tafi da kayan da za su tayar da babur biyu ko uku.

Gindin injin CD175 yana rabuwa ne sama da ƙasa, don haka aka sauke shi aka kifa a kan benci aka ɗaga rabin ƙasa, giyoyin suka bayyana a kwance kan shaf biyu. Dattijon ya shimfiɗa farin buhu. Duk abin da ya zare daga shaf, giya ce ko wosha ko kilif, sai ya zura shi a waya yadda ya fito, fuskar da ke kallon hagu tana kallon hagu. Ya hana kowa taɓa wayar. Ya nuna mini abin da ke sa giya tsalle, kuma ba haƙoran da ake gani ba ne, waɗannan lafiyarsu ƙalau. A gefen giya akwai wasu 'yan kunnuwa da ke shiga ramukan maƙwabciyarta su kama. Na giya ta biyu bakinsu ya lashe ya zama kamar ƙwayar gurjiya, da an ɗora nauyi sai su zame su fito. Cokalin da ke tura giyar kuma yatsunsa sun yi shuɗi saboda zafi, alamar Baffa ya daɗe yana danne giyar da ƙafa don kada ta fita. Baffa da ke tsaye ya gyaɗa kai ya ce haka ne, shekara biyu yana yi.

Muka ɗauki shaf da giyar da abokiyar kamunta da cokalin daga injin Jega. Ba a sa lafiyayyar giya ta kama da lasasshiya, tare ake sauya su. Aka sa sabon ɗan sifirin da ke riƙe gangar sauya giya a mazauninta, da sabuwar robar mai a bayan sifaket. Matatar man injin, wadda ke juyawa tana tara datti a bangonta, da aka buɗe ta cike take da baƙin laka mai ƙyallin garin ƙarfe. Kafin a rufe, dattijon ya juya shaf da hannu ya shiga kowace giya ya fita, ɗaya zuwa huɗu, huɗu zuwa ɗaya, har sau uku. Ya tabbatar kowane boris ya zauna kan ɗan fegin da ke riƙe shi, domin in bai zauna ba aka ɗaure kusoshi, gindin injin ne zai tsage. Tsakanin rabi biyun babu gasket, gam ne ake shafawa siriri. Man da muka zuba na babur ne mai alamar JASO MA, saboda kulocin a cikin mai yake kwance, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi.

A cikin watannin jiran nan ne na yi ɓarnar da ta fi kowace tsayar da aikin. Ina ganin lokaci na tafiya, sai wata Asabar na cire ƙafar baya, na sa almakashin ƙarfe na datse sifok ɗin duka 36, don in sami damar wanke hob in goge shi. Na goge shi kuwa har yana ɗaukar ido. Na ɗauki hob da wili, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kansa, na kai wa mai ɗaurin da dattijon ya yi mini kwatance, wani tsoho mai gyaran keke a bakin kasuwa, wanda aka ce a zamaninsa har daga Birnin Kebbi ake kawo masa ƙafafun babur.

Ya juya hob ɗin a hannu, ya dubi wilin, ya dube ni.

"Ɗana, ka auna kahin ka yanke?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Mi za ya gaya muna inda wilin ya kwanta?"

Ban san amsar ba. Ashe wili ba lallai ne ya zauna a tsakiyar hob ba. Akwai tazara tsakanin bakin gangar birki da gefen wili, kuma kafin a kwance ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan gangar a auna ta a rubuta. Haka ma tsawon sifok, da yawan 'yan'uwansa da kowane ɗaya ke gittawa kafin ya kai wili. Duk wannan na datse shi cikin minti goma. Abu biyu suka cece mu. Hotunan da na ɗauka da waya ranar da muka fito da babur sun nuna yadda saƙar take, sannan guntayen sifok ɗin suna nan a leda ban zubar ba, tsohon ya riƙa haɗa rabi da rabi a kan tabarma har ya fitar da tsawonsu. Tazarar kuwa sai da muka kai masa firem ɗin a amalanke, ya ɗaura ƙafar a mazauninta, ya daidaita ta da tsakiyar firem da ta gaba da zare. Mako biyu aka ƙara saboda ni.

Wilin gaba ya tsira, tsatsarsa ta sama ce, samfefa da kananzir suka fitar da ita. Na baya kuwa daga waje ka ce lafiya, amma da aka cire robar da ke lulluɓe kawunan sifok, tsohon ya danna sukuddireba a kwarin sai ta ɓula. Ruwan fadama ya shekara yana kwana a ciki. Na sayo sabo, inci 17, rami 36, na kawo da murna, ya zura noti huɗu ya ce in mayar. Ramukan wili ba a miƙe ake huda su ba, kowane yana kallon inda sifok ɗinsa zai fito a jikin hob. Wannan an huda shi ne don ƙaramin hob, a kan namu mai faɗi notocin za su fito a karkace, sifok ya lanƙwashe a daidai zarensa, nan ne kuma yake karyewa. Na biyu da muka zaɓa tare, da hob ɗin a hannu, shi ya yi. Sifok ma ya hana a sayo dogaye a datse. Zarensu murza shi ake yi da inji, ba yanka ba, shi ya sa ya ɗan fi jikin wayar kauri. In ka datse ka fitar da sabon zare da hannu, zai fito siriri, noti ba zai riƙe ba.

Na zauna wajensa wuni biyu ina kallon ɗaurin. Sifok ɗin iri biyu ne, na ciki da na waje, lanƙwasar wuyansu ta bambanta, tara-tara a kowane gefe. Ya ware su kashi-kashi, ya tsoma bakin kowane a murfin kwalba mai ɗan baƙin mai. Na ciki ya fara sawa, gefe da gefe, sannan na waje. Ya ɗaura notocin duka har zare ɗaya ya rage a bayyane a kowane, don a tashi daga wuri guda. Mazaunin aikinsa wani tsohon fok ne, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, da aka kafa a kututture, da 'yar waya a lanƙwashe tana kusan taɓa wili. Ya ce tsalle ake fara kashewa kafin lilo. Sai ya juya ƙafar, ya riƙe alli kusa da bayan wilin, inda ya yi tudu allin ya shafa. Ya ɗaure sifok ɗin wajen, dama da hagu daidai, ya ɗan sassauta na kishiyar wurin. Da tsallen ya kwanta sai ya dawo da allin gefe. In wili ya karkata hagu, ya ƙara wa na dama kwatan juyi, ya rage wa na hagu kwata. Bai taɓa wuce kwata ba a lokaci ɗaya. Masu kawo faci suna zuwa suna tafiya, jikansa na sallamarsu, shi ko ɗaga kai bai yi ba.

Da la'asar ta rana ta biyu ya ɗauki sifana ya bi sifok ɗin yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Kowane ya ce ƙil, ƙil, murya ɗaya. Biyu suka ce ƙwal, ya koma kansu. Iyakar da littattafan gyara na Honda suka saba bayarwa ga karkatar wili milimita 2 ce. Da yaron gareji ya kawo ma'auni muka gwada, ta tsohon ba ta kai milimita ɗaya ba. Ya goge bakin sifok ɗin da suka leƙo ta cikin kwari da zarto don kada su huda tib, ya yanko zobe daga tsohon tib ya lulluɓe. Na tambaye shi ko akwai wanda ya koya a wajensa. Ya ce yara suna zuwa su koyi faci, wata biyu su buɗe nasu wajen, ɗauri kuwa ba mai zama, tun da in wili ya karkace yanzu sabo ake saye.

Boris kuwa lambarsu tana rubuce a gefe, kuma lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗin ramin: 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Muka nemi masu 2RS, wato masu murfin roba gefe biyu, saboda ƙurar hunturu. Na farko da na sayo a wani shago, dattijon ya juya ɗaya a yatsa ya ji yana ƙaiƙayi kamar da yashi a ciki, sabo fil a kwali, aka mayar. Wajen sawa ya shanya hob a rana ya ɗauki zafi, ya riƙa bugun zoben waje kaɗai, bai manta da ɗan bututun da ke tsakanin boris biyun ba. Robobi huɗu na cikin hob, inda kusoshin babban sifaket ke shiga, sun zama gari. Na wani babur na yanzu mai irin wannan tsari muka samu, mai tana ya ɗan rage su suka shiga. Lainin birki ɗaya ya rabu da ƙarfensa, aka sauya duka. Ƙurar cikin gangar ya hana a hura ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma aka share, domin tsofaffin lainin akwai masu asbestos, mai illa ga huhu. Taya ba ta ba mu wahala ba, 3.00-17 tana nan a kowace kasuwa saboda baburan yanzu. Na dai duba lambobi huɗun nan na gefe, mako da shekarar da aka yi ta, don kada a ba ni wadda ta tsufa a shago.

Gardama ta tashi a kan ƙaramin sifaket. Wani ɗan Nnewi mai shago a Sakkwato ya tono mana tsohon kaya daga ƙasan kanta, mai haƙori 16 da mai 17, duka sun shiga tsagar sabon shaf. Ni 17 nake so, tun da shi na samu a adakar Malam. Baffa ya ce 15 ma ya fi, saboda kaya. Dattijon ya ce 16. Hujjarsa ita ce injin ya kusa shekara hamsin, ƙarfinsa ba na da ba ne, unguwarmu yashi ce, kuma giya huɗu kawai gare shi, in aka ɗora masa 17 tashi daga tsaye zai riƙa cin kuloci. Bambancin 16 da 17 kusan kashi shida ne cikin ɗari, a kan kwalta da ƙyar za a ji, a cikin yashi kuwa za a ji. Na bi maganarsa, kuma har yau ina ganin daidai ya yi. Mai 17 ɗin ma na saya na ajiye.

Sarƙa 428 muka sa, sabuwa, tare da sabon babban sifaket mai 43. Mai shago ya so ya ba ni 420 don ta fi araha. Tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, rabin inci, amma 420 ta fi matsewa a ciki, ba za ta zauna kan haƙoran da aka yi don 428 ba. Kilif ɗin mahaɗa aka sa rufaffen kansa yana kallon inda sarƙa ke tafiya. Aka juya taya aka nemo inda sarƙar ta fi tauri, na hau na zauna, aka bar mata sakin kamar santimita biyu. Layukan da ke jikin firem na daidaita ƙafar baya sun goge, don haka aka sake ja da zare daga taya zuwa taya. Rabin gidan sarƙa da aka yar, wani mai aikin kwano ya ƙera mana shi da awon rabin da ya rage. Ba shi da kyau kamar na asali, amma yashi ba ya shiga.

Gwajin farko daga Argungu zuwa Birnin Kebbi na yi shi, bayan asuba, yaron gareji na bina a baya da nasa babur da sifanoni. Giya ta biyu na fi sa wa ido. Na ɗora mata nauyi a hawa, na saki mai na sake murɗawa da ƙarfi, ta riƙe. A giya ta huɗu manhajar waya ta nuna kilomita 70 a awa, injin na gunji ƙasa-ƙasa, madubi bai rawa. Da muka isa na taɓa hob biyun, ɗumi kawai. Ƙarƙashin inji a bushe.

Bayan mako uku na mayar wa tsohon da ƙafafun kamar yadda ya ce, domin sabon ɗauri yana zama ya ɗan saki. Ya sami biyar a baya da ɗaya a gaba sun sauya murya, ya ƙara musu. Hayaƙin salansar hagu yana nan, dattijon ya ce zobban fistin ne, a bari sai bayan damina. Agogon gudu ma bai tashi ba, 'yar giyar da ke juya wayarsa a hob na gaba haƙoranta sun ƙare, babu ita kuma a kayan Jega. Na bar sallahu wajen masu gwangwan na Jega da na Kalgo, na ba su hoton ƙafar gaba, na ce duk wadda ta shigo irinta a kira ni kafin a ɗora ta a sikeli.